Doyar da na hana a kai wa Baba Bawa

Baba Bawa ya rasu.

Da safen nan ƙanena Sani ya bugo min waya daga gida, ina tsakiyar sauke kwalayen dabino a kasuwar Ƙurban, nan ƙasa mai tsarki. Sai da maigidana ya daka min tsawa na gane tsaye kawai nake.

Ga wanda bai san shi ba, Bagware ne, dattijon ƙauyenmu. Mahaifinsa ya ba kakana gonar da muke ci har yau. Ba takarda. Sharaɗin ɗaya ne: duk shekara a kai doyar farko gidansu, don kada a manta masu ƙasar.

Ni na tsayar da wannan. Da babanmu ya rasu na ce mu ba bayi ba ne, a nan aka haife mu. Mutanenmu suka yi ta yaba min. Mu da muke yi wa yarensu dariya a cikin kasuwarsu.

Ranar da samarinsu suka zo da adduna za su sare shukar Inna, Baba Bawa ne ya zauna a kan kunya ya ce su fara da shi.

Ganinmu na ƙarshe, da ya zo aikin hajji. Na raka shi ziyarar masallacin Ƙiblatain, sai ga 'yan sanda suna duba iƙama, takardar izinin zaman baƙi. Na ciro tawa na miƙa. Yana kallona.

"Habu, shekararka nawa a nan?"

"Tara, Baba."

"Ko reshen dabino ɗaya naka ne?"

Na ce babu.

"To mu ba mu taɓa tare ku a hanya ba. Doya ɗaya muka ce. Ba yunwa muke ji ba, yaro."

Na ce zan gyara. Ban gyara ba.

Yanzu Sani ya ce 'ya'yansa sun fara zancen karɓar gonar, ga Inna ba ta da wata. Raina a ɓace yake, wallahi, amma ba zan ce ba su da gaskiya ba.

Na ce wa Sani ya haƙo doya mafi girma, ya kai gidan makoki a gaban kowa, ya ce daga Habu. Ko za su karɓa, ban sani ba.

Allah Ya jiƙan Baba Bawa, Ya yalwata masa kabarinsa yadda ya yalwata mana ƙasarsa. Don Allah ku sa shi a addu'a. Ku roƙa mana kuma su karɓi doyar nan.