Makiyayin Ƙwari

Vendel Kubica mai saran itace ne a ƙauyenmu na gindin tsaunin Tatra, har shekarar da guguwa ta kwantar da dajin dogayen itatuwan smrek. Motoci suka kwashe gumagumai, rana ta gasa ƙasar da ta saba da inuwa, gansakuka ta bushe. Matasa suka bi motocin. Shi ya zauna, ba mata, ba ɗa, sai ciwon gwiwa.

Mutanen jami'a suka ba shi aikin binne kwalabe a ƙasa, baki a buɗe, da ruwan tsami a ciki; ƙwaron da ya faɗa ya mutu, su ƙirga. A nan ya lura babban buzuzun nan baƙi mai shuɗin gefe, wanda ba ya tashi, ya daina faɗawa. Sai ƙanana masu fukafukai, 'yan son rana.

Jami'a ta gama ta tafi, Vendel bai gama ba. Ya ci gaba da binne kwalabe a ɗan kwarin da inuwa ta saura, amma gansakuka yake sawa maimakon tsami. So yake ya ga ko guda ɗaya da rai. Mu kuwa, da yake bakinmu ba ya hutawa, muka sa masa Makiyayin Ƙwari.

Wata bazara gwiwa ta kwantar da shi. Ƙanwarsa Hedviga ta zo daga garin Poprad da miyar kabeji.

"Yaya, mutane na kiwon tumaki, kai kana kiwon abin da ake takawa!"

"Sarkin surutu, je ki duba mini kwalaben kawai."

Ta je. Wace macen garin nan za ta ga kwalba da datti ta wuce? Ta wanke su tas, ta zuba tsami kamar yadda ta taɓa ganin yana yi, ta dawo tana yabon kanta. Vendel sanda kawai ya nema.

Ni na riƙe shi muka hau zuwa kwarin, Hedviga na biye. A kwalbar ƙarshe muka tarar da buzuzun, ƙato, a mace, ƙafafu a naɗe. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

"To, ga shi ka samu!" in ji Hedviga. "Ba shi kake nema ba?"

Vendel ya tsamo shi, ya ɗora a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Shi ne," ya ce. "Ashe duk shekarun nan muna tare."