Layin da Shef Ya Rubuta da Hannunsa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, injin ban-ruwa ɗaya gare shi, kuma da shi yake shayar da gonar tattasansa a bakin Komadugu, can wajen Geskeru. Kogin nan ba ya cika sai damina ta ɗauke, idan kuma ya tashi cikowa ba ya sallama. Shi ya sa a lokacin kowane manomi yake ciccibar injinsa daga gaɓa ya hau da shi tudu duk yamma, gari ya waye ya sake saukowa da shi. Kawu ya manyanta, bayansa yana damunsa. Ni ce na ce masa ya huta da wannan ɗawainiya, domin a biron da nake aiki a Diffa muna da na'urar da za ta aika wa manoma saƙo a waya tun ruwa bai iso ba. Ya yarda. Har ya bi maƙwabtansa yana cewa 'yar yayarsa ce ke riƙe da abin, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Ni ce mai kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, a wani proje na taimakon manoma. Manhajar aika saƙon daga Yamai aka turo mana ita a kulle, ba mu da izinin taɓa cikinta. Ba ta da hotuna ko maɓallan latsawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta mata umarni a layi ɗaya: sunanta tukuna, sanar, sannan zaɓi mai karan ɗori biyu a gabansa, sannan abin da ka zaɓa. Idan ka rubuta sanar --yanki geskeru, manoman Geskeru za su sami saƙo. Tana bin layin ne daga hagu zuwa dama, kalma bayan kalma. Ta ga --yanki, sai ta ɗauki kalmar da ke biye ta ajiye. Amma wurin ajiyar ɗaya ne tak, kamar hannun mai cin tuwo. Idan ta sake cin karo da wani --yanki a gaba, sai ta yar da na farko ta riƙe sabon. Mai son yankuna da yawa sai ya rubuta zaɓin sau ɗaya, ya jera sunayen a haɗe, ko ya ce --duka a wuce wurin. Wallahi iyakar ilimin ke nan, ko mai sayar da ƙanƙara a bakin tasha aka yi wa bayani zai riƙe.

To amma mu a bironmu ba a share rubutun babba. Ba a rubuce dokar take ba, amma ta fi duk dokokin da aka manna a bango ƙarfi. Idan shef, wato shugaban projen, ya yi kuskure a takarda, ba mai gyarawa, sai dai ka ƙara naka a ƙasa cikin ladabi, ka bar nasa yana nan daram.

Ranar da aka ƙaddamar da manhajar, an kira baƙi, an jera kujerun roba, an raba lemo. Shef de proje, mutum mai babbar riga da turare, ya zauna gaban ordinata ya buga layin farko da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni ce a bayansa ina raɗa masa. Ya rubuta sanar --yanki geskeru, aka tafa, aka ɗauki hoto. Daga nan aka adana layin aka raɗa masa suna umarnin hukuma.

Ba a jima ba aka shigar da masunta da manoman Bosso cikin shirin. Mataimakin shef, wanda ba ya tari sai ya dubi fuskar maigidansa, ya buɗe layin ya ƙara --yanki bosso a bayan na shef. Sai kuma jami'in yaɗa labarai ya ce ai ya kamata ma'aikata su riƙa ganin kowane saƙo a wayoyinsu, don su tabbatar ya tafi. Shi ne ƙarami a muƙami cikin su ukun, saboda haka ya bi sahu ya rubuta --yanki biro can a ƙarshe. Layi ya fito tsaf, babba a gaba, na tsakiya a tsakiya, ƙarami a baya, kamar yadda suke shiga mota.

Da na gani sai da na dafe kai. Na goge duka na rubuta daidai. Kashegari da safe na tarar an mayar da tsohon, kuma mataimaki yana nemana.

"Madam," in ji shi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa, "ke ce kika share rubutun shef?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na'urar ba ta san shef ba. Na ƙarshe take ɗauka. In aka buga wannan layin, mu kaɗai za mu sami saƙo, manomi ko ɗaya ba zai gani ba."

Ya yi murmushin nan na masu haƙuri da mahaukaci. "Haba Madam. Yaya za a yi ta tsallake na shef ta ɗauki na yaro? Ai ga shi nan a farko."

Na ce ya zo in nuna masa a allo. Ya ce yana da reniyo, wato taro. Na roƙa a rubuta wa Yamai su gyara manhajar ta riƙa tara yankunan duka, ko aƙalla ta yi ƙorafi in an maimaita zaɓi. Aka ce za a sa maganar cikin ajanda. Ajandar nan kuwa rijiya ce, abin da ya faɗa ba ya fitowa. Na je wa shef da kaina, ya saurare ni yana duba wayarsa, ya ce in daidaita da mataimakinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce ba komai, tun da ni ce mai aika saƙon. Duk lokacin da aka ce a sanar da wani abu, sai in buga nawa layin da hannuna, in bar umarnin hukuma yana barcinsa. Na kuma gaya wa duk wanda ke da kunne a biron kada ya taɓa shi.

Ana nan, kogi ya fara motsi, sai aka tura ni Sayam gyaran ordinatocin abokan aikinmu na sansanin 'yan gudun hijira. Na ce a bari sai ruwa ya wuce. Mataimaki ya ce an riga an sa hannu a takardar misiyo, wato izinin tafiyar aiki, kuma ba a soke abin da shef ya sa wa hannu. Kafin in shiga mota na rubuta masa layin da ya dace, na ce in labari ya zo wannan zai buga. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Ina can labari ya zo daga masu auna ruwa cewa kogi yana tafe da ƙarfi. Abin da ya faru a biro daga baya aka ba ni labari, kuma masu ba ni suna yi ne da alfahari. Mataimaki ya dubi layina, ya dubi na hukuma, ya ga ba zai yiwu a rana irin wannan a ajiye na shef a ɗauki na wata ma'aikaciya ba. Ya buga na hukuma. Nan take wayoyin biro suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, ta shef, ta direba, ta mai gadi. Allo ya ce an aika. Suka dubi juna suka ce ma sha Allah, fasaha ta yi. Jami'in yaɗa labarai har ya ɗauki hoton wayarsa ya tura Yamai.

A Sayam rezon waya sai ya ga dama. Saƙon bai shigo wayata ba sai washegari da hantsi. Ina gani na kira mataimaki na ce wane layi ya buga.

"Na hukuma mana," in ji shi. "Kin gani ai, har ke kin samu."

Ban san lokacin da na ce masa Allah ya isa ba. Na kashe na kira kawu. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Da na dawo aka yi reniyo. Aka zauna ana shan shayi ana neman inda matsalar take, kamar ba a gabansu take zaune ba. Wani ya ce rezo ne. Wani ya ce manoma ba sa karanta saƙo. Na tashi na buga layin a gaban kowa, na nuna musu adadin wayoyin da ya je wa, namu ne kaɗai. Can sai jami'in yaɗa labarai ya kawo shawara, wai tun da na'urar na ƙarshe take girmamawa, a mayar da na shef ƙarshe. Mataimaki ya zare ido ya ce a sa shef a bayan yara? Aka ɗage zaman. Rahoton da ya tafi Yamai ya ce an aika gargaɗi a kan lokaci.

Ranar Juma'a na shiga motar kasuwa na tafi wurin kawu. Ruwa ya shanye gefen gonar na ƙasa. Injin kuwa sai da masu kwalekwale suka taya shi lalubo shi. Na same shi a gindin bishiyar bedi ya baje shi gunduwa-gunduwa a kan buhu, yana goge laka da tsumma, wani makanike yana girgiza kai. Tattasan da ya tsira a tudu ya fara langaɓewa, ga kogi cike a gabansa, ba abin ɗaga ruwan. Maƙwabta biyu da suka bi maganarsa su ma nasu injinan sun nutse. Ɗaya ya wuce mu bai ko amsa sallamata ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da Hausarsa mai gardin Barebari, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi hanya. Sai da ya gama duka sannan ya ce, "'Yar nan, saƙon bai fita ba ne?"

Na ce, "Ya fita, Kawu."

"To wa ya samu?"

Na ce, "Mu. Mu na biro."

Ya daɗe yana juya wani ƙarfe a hannunsa. Sannan ya gyaɗa kai.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Ku dai kun kwashe naku injinan."

Ya miƙa wa makaniken ƙarfen, ya ce ya duba ko wannan zai moru.