Kunyar Ɗan Fari da Kunnen Yarona

Ɗana na fari na haife shi ne a wani ƙauye kusa da Tarka, bayan samun 'yancin kai da kaɗan. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma kallonsa in da mutane. Nono kawai za ki ba shi, fuskarki na duban bango. Da aka yaye shi ya koma ɗakin surukata, wadda duk gidan muke kira Iya. Ni kuwa na riƙe kunyar nan da kyau, har ana misali da ni a bakin rijiya, ina jin daɗi kamar an naɗa ni sarauta.

Yana cikin shekararsa ta huɗu ƙyanda ta shigo gari. Ta kwantar da shi, Allah ya tashe shi. Sai dai bayan nan 'yan kalmomin da ya iya suka fara ɓacewa. A kira shi, ya yi banza da mutum. Matan gida suka ce taurin kai ne, Iya ta sangarta shi. Iya kuma ta ce ai ita yana amsa mata. Gaskiyarta ne, domin ita ba ta yi masa magana sai ta riƙo haɓarsa ta kawo fuskarta daf da tasa.

Mai kallo da wutsiyar ido tana ganin abin da sauran mutane ba su gani. Wata rana da hantsi raƙuman Buzaye suka gangaro rijiya, shi yana tsugune a kan hanya ya ba su baya, yana wasa da ƙasa. Kowa na ihu, bai ko motsa ba, sai da wata Buzuwa ta fizge shi. Da muka koma gida na saki tasar ƙarfe a bayansa kamar kuskure ne. Kaji suka watse, shi bai waiwayo ba. Na san yaron nan ba ya ji, kuma in aka bar shi haka maganar ma za ta tafi gaba ɗaya.

To wa zan gaya wa? Mijina ya tafi cin rani kudu. Na gwada zagaye-zagaye, na ce wa Iya na ji an ce ƙyanda kan taɓa kunnen yara. Ta ce haka ne, Allah ya kiyaye na mutane. Haushi ya kusa kashe ni.

Sai labari ya zo cewa likita daga Tanut zai riƙa sauka Tarka ranar kasuwa. Muna daka a tsakar gida na ajiye taɓarya, na ce, "Iya, yaron nan ba ya ji. A kai shi wurin likita."

Dakan ya tsaya cak. Matar wan mijina ta rufe baki da gefen zane, ta ce lallai zamani ya zo, yau uwa ce ke yi wa ɗan fari magana. Iya ta shige ɗaki. Na wuni ina jin kamar na fita ba zane.

Ranar kasuwa da sassafe na ga Iya ta ɗora shi a kan jaki. Ta ce in taso in riƙe mata akala, wai ƙafarta na ciwo. Ƙafarta lafiya lau take.

Likitan wani dogon mutum ne ɗan Damagaram, ya baje kayansa a ƙarƙashin rumfa. Ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ya ce ruwa ne ya taru ya ruɓe tun lokacin ƙyandar. Na hagu ya lalace sosai, amma na dama da sauran ji. Da na ji "da sauran ji" sai na zauna a ƙasa. Ya wanke, ya yi allura, ya ce a dawo kasuwa mai zuwa. Ya ce magani kaɗai ba zai dawo da magana ba. Dole a riƙa zama gabansa, ta ɓangaren dama, ana magana a hankali yana kallon baki. In aka dage, zai yi magana, har lakwal, wato makarantar boko, zai shiga, a zaunar da shi a gaba. Sannan ya tambaya wace ce uwarsa. Ni ina can ina ƙirga sandunan rumfa da ido. Iya ta nuna ni da haɓa. Ya ce to, ita ce za ta fi yawan yi.

Muka kamo hanyar gida. Na ɗauka Iya za ta ce ita za ta ɗauki aikin, ko kuma in riƙa yi a ɓoye bayan rumbu. Da muka iso, matan gida duk suna nan. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, ta zaunar da shi, ta ce in zauna gabansa.

"Ke 'yar nan, ɗago kai ki dube shi. Ni na ce. Wadda ta ga abin dariya ta zo ta same ni."

Na ɗago. Ashe yana da ɗan tabo a gira, ban san ranar da ya same shi ba. Idanunsa kuwa na babana ne sak. Na matsa kusa da kunnensa na dama, na dawo inda zai ga bakina, na kira sunansa. Sunan ya fito a karkace don ban taɓa faɗinsa ba. Ya zuba wa leɓena ido. Na sake faɗa da ƙarfi.

Ya ce, "Na'am."

Daɗin da na ji bai misaltuwa. Na fashe da kuka a gaban kowa, na sake kiransa, ya sake amsawa.