Dattijo Mai Hancin Aro

A shagon kayan haɗa giya a garin Ballarat, wani dattijo yana tsaye da gajeren wando duk da sanyin hunturun da ake yi can a watan Yuli, riƙe da kwalbar baƙar giya mai gahawa da ya haɗa a garejinsa.

"Raelene, 'yar nan, shinshina," yake ce wa mai shagon. "Kwalba sittin ke jiran auren 'yata ranar Asabar. Da tana tsima, ƙaurin burodi take yi. Sati shida a kwalba, yanzu sai cakulan da gahawa."

"Tsoho, kullum sai ka yi huɗuba kafin ka cire murfi," in ji ta.

Ya zuba a kofi, yana kai shi hancinsa, amma idonsa na kan fuskarta. Hancin ko motsi ba ya yi. Ni da ke tsaye a gefe, ina zaton jin ƙamshi ya daɗe da barinsa, huɗubar kuma ta marigayiyar matarsa ce, wadda zobenta ke rataye a wuyansa.

Raelene ta karɓi kofin ta shaƙa.

"Gahawar ta fito, Merv. Da ka zuba ta da wuri, da kumfa ta gudu da ƙamshin."

"Ai na faɗa miki," in ji shi.

Sannan, da hankalinsa ya kwanta, ya nemi kujera.