Madubin da Na Kwana Yelwa Dominsa

Birnin Kebbi zuwa mararrabar Shanga

Ana sallame sallar asuba na tada mota. Babu wanda ya raka ni ƙofa, don tun da aka yanke mana jihar Kebbi aka turo ni aiki nan, iyalina suna Sakkwato, ni da tabarmata muke zaune. Ƙanwata Hajo ce ta aiko daga Wara cewa idon Inna ya yi hazo, har ta fara tambayar wane ne a bakin ƙofa. Na fita ne in ɗauko ta in kai ta wurin likitan ido.

Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata da gangan ba, in na shiga gaisuwa bango take amsa wa. Sau ɗaya na kama ta. Bara na kai ta biki tana kujerar baya, na ɗaga ido ga madubin tsakiya, sai na tarar ni take kallo. Ba ta kawar da kai ba, ni ma ban kawar ba. Abin da nake so in sani yanzu shi ne ko idon nan yana iya gano ni.

Bayan Koko ramuka suka fara, madubin ya shiga rawa. Na cusa takarda a gindinsa, ya yi shiru kamar ya ji magana. Daf da mararrabar Shanga na faɗa wani rami, ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗo mini a cinya. A shingen da ke gaba ɗan sanda ya leƙo ya gan shi kwance a kujera.

"Yallaɓai, shi ma fasinja ne?"

Na yi masa dariyar dole, ya ɗaga mini sanda na wuce.

Yelwa

Da hantsi na shiga Yelwa. A bayan tasha aka nuna mini wani dattijo mai gyaran gilashin mota. Ya juya ɗan ƙarfen da ke manne madubi da gilashi, ya ce zafin rana ne ya cinye gam ɗin. Ya kankare tsohon gam da reza, ya goge wurin tas, ya ɗiga sabo, ya danna ƙarfen da babban yatsa har sai da na ƙosa, sannan ya ɗaure shi da salatif.

Na miƙa masa madubin ya rataya, ya ƙi karɓa.

"Sai gobe, Alhaji. In munka ɗora mai nauyi yanzu, kahin Wara ya sake hwaɗowa."

"Baba, sauri nake yi."

"To tahi. Mota na tahiya ba madubi, ai ga na gehe nan."

Gaskiyarsa, na gefe ya ishe ni ganin hanya. Sai dai ba ya nuna kujerar baya, kuma wannan ba zancen da zan yi wa baƙo ba ne. Na kai motar inuwa na kama ɗaki.

Da la'asar na gangara bakin ruwa na sayi soyayyen kifi. Jirage suna ta sauke mutanen tsibirai, kowa da mai tarbarsa. Na ci rabin kifin, na bar sauran. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yammacin nan ba, ga kuma tsoron kada in je in tarar na makara.

Wara

Da safe dattijon ya zura madubin, ya ɗaure ɗan notinsa, ya girgiza shi, ko motsi. Na bi hanyar Ngaski, tafki yana leƙowa ta dama yana ɓuya, har Wara kafin azahar.

Na durƙusa na gai da Inna, ta amsa wa bango. Hajo tana fama da ciwo, ba za ta iya bin mu ba. Ita ta riƙo hannun Inna har mota, na ga yadda Inna take laluben ƙofa.

Muka kama hanya mu biyu, Inna tana kujerar baya. Na karkata madubin har fuskarta ta shigo. Idanunta suna wajena, amma sun yi fari-fari, na kasa gane ko ni suke gani ko hazo. Na duba, na sake dubawa, har tayar mota ta sauka gefen titi. Sai na ji ta yi gyaran murya, ta yi magana da kujerar da ba kowa a kanta.

"A hwaɗa ma mai motag ga shi dubi gabanai, shi bar kallon mutane."

Na ce to. Ban sake ɗaga ido ba har Koko, don hanyar ma da ƙyar nake ganinta saboda hawaye.

Gida

Mun shiga Birnin Kebbi ana kiran magariba, lafiya lau. Godiya ta tabbata ga Allah, dattijon Yelwa kuma Allah ya saka masa da alheri. Na buɗe wa Inna ƙofa, ta sauka ba ta dube ni ba, ni kuwa ban nemi ƙari ba.