Idon Ƙanwata Baƙi Wuluk

Shekarun baya, a shekarar da aka sami 'yancin kai, aka haifa mini ƙanwa a gidanmu na Bodinga. Ni lokacin ina firamare, ba abin da ya dame ni sai 'yar tutar da aka raba mana a makaranta. Mahaifiyata ce ta fara lura da wani fari a tsakiyar ƙwayar idon jaririyar, duka biyun. Malamin asibiti ya duba ya ce yanar ido ce, kuma a Kano ake cire ta.

Mahaifina tela ne, bai taɓa wuce Gusau ba, amma ya rufe kekensa suka kama hanya. Suka dawo babu farin nan, sai wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba da ake ɗaura mata da zare. Likitan, wani Bature, ya ce a riƙa kai ta duk shekara ko da lafiyarta lau. Mahaifina ya ba abokansa labari yana dariya: "Wa ka kai lahiyayye asibiti? Baturen ga kewarmu shikai."

Mu dai ciwon da muka sani fari ne, shi muka sa wa ido. Kullum da safe mahaifiyata takan fito da ita tsakar gida, ta buɗe mata ido a rana ta leƙa, ta ce, "Baƙi wuluk, alhamdu lillahi." Idan tana aiki ni nake dubawa, ina ƙanƙance ido kamar wani likita. Har idon hagu ya ɗan ƙara girma, maƙwabta na yaba dara-daran idanunta, mu kuwa muna jin daɗi. Hawayen da yake zubarwa muka ce rana ce. Karon da take yi da turmi da bakin ƙofa muka ce rawar kai.

Ta tasa har tana ɗaukar tulu muka je suna Shagari, gidan gwaggona. Can ta yi karo da jakin da ke ɗaure a hagunta, jaki guda, da rana tsaka. Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ɗiyar ga ba ta gani da hagu."

Mahaifiyata ta fusata. "Mi kika nuhi? Kullum ina dubawa, babu hwari ko ɗis!"

Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta jawo yarinyar ta rufe mata idon dama da tafin hannu. Mahaifiyata na tsaye gabanta, ƙanwata ta miƙa hannu tana lalube, ta ce, "Inna, ina kike?"

Wallahi kaina ya ɗaure. Na leƙa idon nan, na sake leƙawa, garau yake, har ina hango fuskata a ciki.

Wannan karon da ni aka je Kano. Likita ya ce ruwan cikin ido ne ya rasa hanyar fita, ya taru yana danne jijiyar gani a hankali. Ya ce yaran da aka cire wa yana suna jarirai sukan gamu da shi ko bayan shekaru, shi ya sa ya ce a riƙa kawo ta. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa an taru a kansa, da aiki da maganin ɗigawa, aka tsirar da abin da ya saura.

"To da ba a yi aikin hwarko ba hwa?" in ji mahaifina.

"Da tun tana goye ta makance."

Har muka iso gida mahaifina yana ta maimaitawa shi kaɗai: "An yi, ciwo. Ba a yi ba, ciwo." Mahaifiyata kuwa har ta koma ga Allah ba ta gane yadda ido zai mutu ba tare da ya yi fari ba. Ni ma, gaskiya, kaina ne kawai ya yarda, zuciyata har yau tana gardama. Yanzu ake ce wa ciwon nan hawan jinin ido, kuma duk wanda na ji an yi wa ɗansa aikin yana, sai na ishe shi da maganar komawa asibiti.

Ƙanwata tana nan Shagari da jikokinta, tana gani da idon dama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Duk zuwan da na yi sai ta cire tabarau, ta gwale mini na hagun tana dariya. "Yaya, duba man, akwai hwari?"

Nakan duba kuwa, in ce mata baƙi wuluk. Ita ke dariyar, ni ban taɓa iya taya ta ba.