Yatsun Ba-Zama

Ba-Zama ake kiransa a unguwa, don ba wanda ya taɓa ganinsa zaune da rana. Magini ne. Ko gaisuwa ya je gidan mutum, idonsa na kan bango, kafin a kawo masa ruwa ya fara tambayar wa ya yi wannan aika-aikar. Ya gina wa rabin gari gidaje, shi kuwa yana ɗaki biyu na haya da mata da 'ya'ya da tsohuwarsa.

Ƙanin matarsa ne ya kawo labarin wata ƙasa da ke ba magina izinin shiga su nemi aiki da ƙafarsu, ba sai wani kamfani ya kira su ba. Ba-Zama ya nema, ko ya samu abin da zai gina nasa gidan. Komai ya tafi daidai, saura ɗaukar hoton yatsu.

A ofishin ya ɗora hannu kan gilashin na'ura. Shiru. Ya goge a wando, ya danna da ƙarfi. Shiru dai.

"Malam, ai ba ka da zanen yatsa," in ji ma'aikaciyar. "Siminti ya cinye. Ka ajiye aiki ka dawo kafin ƙarshen wata, in ya wuce sai baɗi."

Tirƙashi! A ce wa Ba-Zama ya zauna?

Matarsa ta ɓoye cokalin gininsa a ƙarƙashin katifa. Kullum ta lafta masa basilin, ta zura masa safar yara a hannu. Shi kuwa sai zagaye tsakar gida yake kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Rannan ta tsinto shi a gidan maƙwabci inda ake gini, ya cire safa ɗaya, yana shirin tsoma hannu a kwaɓi wai ya ji ko yashi ya yi yawa.

"Baban yara! Wallahi ka taɓa, ni da kai ne!"

"Ɗan yatsa ɗaya fa."

"Goma suka ce."

Ta tasa shi gaba har gida, leburori na ta dariya.

Ranar da ya koma ofishin, ya ɗora hannu. Na'ura ta yi ƙara, koren haske ya kama. Ya fito yana gaisawa da duk wanda ya gani, har da maigadi sau biyu.

Da ya isa gida ya durƙusa gaban tsohuwarsa. "Inna, an ba ni izinin tafiya."

Ta kama hannunsa za ta sa albarka, sai ta tsaya. Ta juya shi, ta shafa tafin.

"Rabon da in ji hannun nan da laushi haka, tun kafin babanka ya rasu ka fara ɗaukar bulo."

Ya yi dariya, ya ce ai aikin basilin ne. Ita ma ta yi dariyar, idonta cike da ƙwalla, amma ba ta saki hannun ba.